Cututtukan Mafitsara da Haihuwa na Maza: Shin Bincike Yana Bin Inda Ciwon Yake?

Duk shekara idan Nuwamba ta kama, maza da yawa a Ostireliya da Ingila da Kanada sukan bar gashin baki ya tofo don tara kuɗin binciken sankarar furostet. Al'adar ta faro ne a birnin Melbon a 2003, kuma da ita aka sake tayar da wata tsohuwar gardama. Wasu na cewa masu binciken likitanci sun yi watsi da maza, sun karkata ga cututtukan mata. Wasu kuma na cewa duniyar da ta kashe maƙudan kuɗi har ta samar da Viagra, maganin raunin mazakuta, ba za a zarge ta da mantawa da namiji ba. Kowane ɓangare ya riƙe guntun gaskiya, amma dukansu sun kauce wa ainihin wurin da rashin daidaiton yake. Idan aka jera cututtukan da ke kama hanyar fitsari da gaɓoɓin haihuwa na maza, aka duba nawa ake kashewa a kan binciken kowacce, za a ga kuɗin ya taru ne a wuri biyu: cutar da ke kisa a ƙasashe masu arziki, da cutar da maganinta ke da kasuwa. Sauran, waɗanda suka fi yawan masu fama da su, an bar su a baya.

Ma'anar kalmomin

Akwai ruɗani tun daga sunaye. Mafitsara ita ce jakar da fitsari ke taruwa a ciki bayan ya sauko daga ƙoda. Furostet kuwa, kalma ce da aka aro daga Turanci, wani ƙullutu ne mai kamar girman ƙaramin goro wanda maza kaɗai ke da shi. Yana zaune a ƙarƙashin mafitsara, ya kewaye bututun da fitsari ke bi ya fita, kuma shi ke samar da wani sashe na ruwan maniyyi. Sau da yawa a rediyo da jaridu akan ce "sankarar mafitsara" alhali sankarar furostet ake nufi. Cututtuka biyu ne daban, sanadinsu daban, maganinsu daban.

Haka kuma kumburin furostet da ke zuwa da tsufa ba sankara ba ne. Ƙullutun ne kawai ke ƙara girma har ya matse bututun fitsari. Sankara, wato ciwon daji ko kansa, ita ce ƙwayoyin jiki su riƙa hayayyafa ba ƙaidi har su bazu zuwa ƙashi da sauran gaɓoɓi. Tsargiya ita ce fitsarin jinin da wata tsutsar ruwa ke haddasawa. Gwaiwa a nan ana nufin ruwan da ke taruwa a jakar maraina, ko da yake a bakin mutane kalmar takan haɗa har da ƙabar da hanji ke saukowa ciki.

Shi kuma binciken likitanci ya ƙunshi aikin ɗakin gwaje-gwaje, da ƙidayar masu cuta a cikin al'umma, da gwajin magani a jikin mutanen da suka amince. Ana auna kulawar da wata cuta ke samu ta hanyar kuɗin da aka ware mata, da yawan gwaje-gwajen da aka yi rajista, da yawan maƙalun da aka buga a mujallun kimiyya.

Yadda ake auna nauyin cuta

Kafin a ce an yi wa wata cuta rowa, sai an san nauyinta. Ƙirga gawa kaɗai ba ya wadatarwa, domin akwai cutar da ba ta kisa amma takan hana mutum sakat shekara ashirin. Saboda haka ne a farkon shekarun 1990 wasu masana biyu, Christopher Murray da Alan Lopez, suka tsara wani ma'auni da Bankin Duniya ya yi amfani da shi a rahotonsa na 1993. Ana taƙaita sunansa da haruffan DALY, kuma abin da yake ƙirgawa shi ne shekarun lafiya da cuta ta cinye. Yana haɗa shekarun da mutum ya rasa saboda mutuwa da wuri, da shekarun da ya yi yana fama, bayan an ba kowace larura maki tsakanin 0, cikakkiyar lafiya, zuwa 1, mutuwa. A yau wata cibiya ta Jami'ar Washintan da ke Siyatil ce ke jagorantar wannan ƙidaya ta duniya.

A 1999 wasu masu bincike ƙarƙashin Cary Gross sun gwada kuɗin da hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ke kashewa a kan cututtuka 29 da nauyin kowacce. Sun gano akwai alaƙa, amma ba cikakkiya ba. Ƙanjamau da sankarar mama sun samu fiye da abin da lissafi ya nuna, wasu cututtukan huhu da gyambon ciki sun samu ƙasa da haka. Tun kafin wannan, wani kwamitin ƙasa da ƙasa ya bayyana a 1990 cewa kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai na kuɗin binciken lafiya na duniya ke tafiya ga matsalolin ƙasashe masu tasowa, inda kashi 93 cikin 100 na mace-macen da za a iya kaucewa suke faruwa.

Sai dai shi kansa ma'aunin yana da karkata, kuma wannan ya shafi batunmu kai tsaye. Makin da ake bai wa rashin haihuwa bai kai 0.01 ba, domin ana kallon abin da ya taɓa jiki ne kawai. Ba ya ganin auren da ya mutu, ko gorin dangi, ko dukiyar da ta salwanta wajen masu magani. Raunin mazakuta shi ma makinsa ƙanƙane ne. Wanda ya dogara da wannan awo kaɗai zai ɗauka waɗannan larurori ba komai ba ne, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Inda kuɗin ya taru: sankarar furostet

Babu mai musun cewa wannan cuta ta cancanci kulawa. A 2020 an ƙiyasta sabbin masu kamuwa da ita a duniya sun kai miliyan 1.4, kuma ta kashe maza kusan 375,000. Wani kwamitin masana da mujallar Lancet ta kafa ya yi hasashe a 2024 cewa zuwa 2040 adadin zai kai miliyan 2.9 a shekara, mace-mace kuma su kusanci 700,000, mafi yawan ƙarin a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. A Najeriya ita ce kan gaba cikin cututtukan dajin da ke kama maza.

Bincike a kanta ya yi nisa, ya kuma haifar da ɗa mai ido. Tun 1941 Charles Huggins na Jami'ar Shikago ya nuna cewa rage sinadarin maza, wato testosteron, yana dakushe cutar, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1966. Daga baya aka samu gwajin jini na PSA, da na'urorin ɗaukar hoton ciki, da sabbin magunguna irin su abiraterone a 2011 da enzalutamide a 2012. Cutar tana da masu tsaya mata. Attajirin Amurka Michael Milken ya kafa gidauniya a 1993 bayan shi kansa ya kamu, kuma tun 1997 majalisar dokokin Amurka ke ware mata kaso na musamman ta hannun ma'aikatar tsaro.

Yawan bincike ya kuma koyar da darasin da ba a zata ba. Wani babban gwaji na Turai da aka buga a 2009 ya nuna cewa tantance maza da PSA yana rage mace-mace da kusan kashi 20 cikin 100, amma sai an yi wa mutum 48 magani kafin a ceci rai ɗaya. Sauran an yi musu tiyata ko gashi da na'ura a kan cutar da mai yiwuwa ba za ta taɓa cutar da su ba, wasu suka ƙare da yoyon fitsari ko raunin mazakuta. Wani gwajin a Birtaniya ya bi maza sama da 1,600 tsawon shekara 15, ya tarar kusan kashi 97 cikin 100 ba su mutu da cutar ba, ko an yi musu tiyata, ko gashi, ko an zuba ido ana bibiya kawai. Wannan haɗari na yin magani ba tare da buƙata ba ne ya sa kwamitin ba da shawara na Amurka ya ce a daina gwajin gama-gari a 2012, sannan ya sassauta a 2018 ya bar wa maza 'yan shekara 55 zuwa 69 su yanke shawara tare da likitansu.

To amma a jikin wa aka yi duk wannan bincike? Kusan dukkansa a jikin Turawa ne. Alhali a Birtaniya baƙar fata ɗaya cikin huɗu ne zai kamu da cutar a rayuwarsa, idan aka kwatanta da ɗaya cikin takwas na fararen fata, kuma a Amurka baƙaƙe sun ninka farare wajen mutuwa da ita. Wani nazari na 2016 ya nuna kusan kashi 80 cikin 100 na mutanen da aka yi manyan binciken ƙwayoyin gado da su 'yan asalin Turai ne. An fara gyara. Akwai haɗakar MADCaP mai cibiyoyi a Senegal da Gana da Najeriya da Afirka ta Kudu, kuma sabon gwajin tantancewa na Birtaniya mai suna TRANSFORM, na fam miliyan 42, ya ƙudurta cewa ɗaya cikin goma na waɗanda za a gayyata baƙaƙe ne. Duk da haka, matsalar da Turai ke kokawa da ita ita ce gano cutar fiye da kima. Matsalar Afirka ta Yamma kuwa ita ce mutum ba ya zuwa asibiti sai ciwon ya shiga ƙashin baya, wani lokaci ƙafafu sun riga sun shanye. Tambayoyin da ya kamata a bincika a wuraren biyu ba ɗaya ba ne.

Cututtukan da ba sa kisa nan take

A ɗakin gaggawa na kowane babban asibiti an san wannan yanayi. Tsakar dare a kawo dattijo yana gumi, mara ta kumbura ta yi tauri, fitsari ya ƙi fita tun la'asar. A sa masa roba, fitsari ya zubo ya cika jaka, ya yi ajiyar zuciya. Idan babu kuɗin tiyata, haka zai koma gida da jakar a ƙarƙashin babbar riga, yana dawowa ana sauya robar lokaci-lokaci, yana ta wasiwasin alwala da tsayuwa a sahu. Kafin a kai ga wannan, ya shafe shekaru yana tashi sau huɗu ko biyar cikin dare.

Wannan shi ne kumburin furostet. Ƙidayar duniya ta nuna masu fama da shi sun tashi daga miliyan 51 a shekarar 2000 zuwa miliyan 94 a 2019. Idan aka yi sakaci yakan kai ga lalacewar ƙoda. Amma manyan magungunansa, finasteride da tamsulosin, tun shekarun 1990 suke, kuma har yanzu ba a gama fahimtar dalilin da ya sa ƙullutun ke girma a wani ya ƙi girma a wani ba. (Asalin finasteride ma abin lura ne: ya samo tushe daga nazarin da Julianne Imperato-McGinley ta buga a 1974 a kan wasu yara a wani ƙauye na Jamhuriyar Dominika, waɗanda furostet ɗinsu ba ya girma saboda rashin wani sinadari.)

Tsarin rabon kuɗi yana bayyana wani ɓangare na wannan. A Amurka, cibiyar binciken sankara tana samun sama da dala biliyan 7 a shekara. Cututtukan mafitsara da ba sankara ba kuwa an cusa su ne a wata cibiya mai kasafin da bai kai rabin wannan ba, inda suke raba tukunya da ciwon suga da cututtukan hanji da hanta da ƙoda.

Akwai kuma ciwon mara da furostet mai naci, wanda ke kama har matasa. A fiye da kashi 90 cikin 100 na masu shi ba a samun wata ƙwayar cuta, amma duk da haka akan yi ta ɗirka musu maganin kashe ƙwayoyin cuta wata da watanni saboda babu wani abin bayarwa. Tsakuwar ƙoda ta fi samun sa'a ta fuskar na'ura, tun daga injin farfasa ta ba tare da yanka ba da aka fara amfani da shi a Munik a 1980, sai dai ilimin hana ta dawowa bai wuce shawarar shan ruwa da rage gishiri da nisa ba. Tsukewar bututun fitsari, wadda ciwon sanyin da ba a yi wa magani da kyau ba ko haɗarin hanya ke jawowa, tana cika jerin masu jiran tiyata a asibitocin Afirka, amma gwaje-gwaje masu inganci a kanta kaɗan ne.

Rashin haihuwa: an kewaye matsalar

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na fuskantar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. Likitoci sun daɗe da sanin cewa a kusan rabin ma'auratan da abin ya shafa, namiji yana da hannu, ko shi kaɗai ko tare da matar. Wasu dalilan an san su: kumburin jijiyoyin maraina, toshewar hanyar maniyyi bayan ciwon sanyi, hangum da ya sauka maraina bayan balaga, da shan testosteron don ƙarin ƙarfi, wanda a zahiri yake dakatar da samar da ƙwayoyin maniyyi. Amma a kaso mai yawa na maza, kusan ɗaya cikin uku, likita ba ya iya faɗin dalili.

A 1992 aka samu wata dabara a birnin Burasel ta ɗaukar ƙwayar maniyyi guda a cusa ta cikin ƙwan mace da allura. Ta ba dubban gidaje 'ya'ya, kuma babbar nasara ce. Amma ta rage ƙaimin neman sanadin matsalar namiji, tunda an samu hanyar kewaye ta. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne matar ce ke shan alluran da wahalar ciro ƙwai a kan larurar da ke jikin mijinta. A wuraren da kuɗin wannan aiki ya fi ƙarfin jama'a, ita ce dai ke shan zargi, wani lokaci a yi mata kishiya kafin a taɓa tunanin gwada maniyyin maigidan, gwajin da bai kai na mace tsada ko wahala ba.

Ana kuma taƙaddama kan ko yawan ƙwayoyin maniyyi na raguwa a duniya. Nazarin da Hagai Levine ya jagoranta a 2017 ya ce ya ragu da fiye da rabi tsakanin 1973 da 2011 a ƙasashen Yamma. Masu suka na cewa hanyoyin ƙirga sun sauya a tsawon shekarun, kuma ba a bi mutane iri ɗaya ba. Ita kanta jayayyar shaida ce ta ƙarancin bincike, domin da an kafa tsarin bibiya na dindindin tun shekaru hamsin da suka wuce, da ba a tsaya ana hasashe ba.

Tsargiya da gwaiwa

Nan ne giɓin ya fi faɗi, kuma nan ne batun ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Tsutsar tsargiya, wadda likitan Jamus Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851, tana rayuwa ne a jikin wani ƙaramin dodon koɗi na ruwa mai daɗi. Yaro ya shiga kududdufi ko magudanar noman rani ya yi iyo, tsutsar ta ratsa fatarsa, ta girma a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, ƙwayayenta su maƙale a bangon mafitsarar. Alamar farko ita ce ɗigon jini a ƙarshen fitsari. A wasu karkara abin ya zama ruwan dare har ana ɗaukarsa alamar balaga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 sama da mutum miliyan 250 ne ke buƙatar maganin rigakafinta, kusan kashi 90 cikin 100 a Afirka, kuma Najeriya na sahun gaba. Madatsun ruwa da filayen noman rani, irin na Kadawa da Bakolori da gaɓar kogin Kwara a Nijar, suna kawo abinci, suna kuma ba dodon koɗin wurin zama.

Cutar tana kama mata da maza. A namiji ƙwayayen kan kai har furostet da jakunkunan maniyyi, su jawo jini a maniyyi da raɗaɗi, ɓangaren da aka bayyana tun 1911 amma har yau rubuce-rubuce a kansa ba su taka kara sun karya ba. Mafi muni, hukumar binciken sankara ta duniya ta sa wannan tsutsa cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankarar mafitsara. A Turai kusan kashi 90 cikin 100 na sankarar mafitsara nau'i ne da ke da alaƙa da taba sigari da sinadaran masana'antu, kuma a kansa aka gwada sabbin magunguna masu tsada. Rahotannin asibitocin koyarwa na Kano da Sakkwato kuwa sun nuna nau'in da ke biyo bayan tsargiya ne ya fi yawa a can. Ke nan ci gaban da ake shela a kan sankarar mafitsara bai faye amsa tambayar manomin da ya yi ƙuruciyarsa a bakin fadama ba. A Masar, da aka shawo kan tsargiya, wannan nau'i ya ragu ƙwarai.

Magani ɗaya tilo ake dogaro da shi, praziquantel, wanda aka ƙirƙiro tun shekarun 1970. Yana da arha, yana aiki, ana raba shi kyauta a makarantu. Amma ba ya hana sake kamuwa, ba ya kashe ƙananan tsutsotsi sosai, kuma babu allurar rigakafin da aka amince da ita.

Ita kuma gwaiwar da tsutsar tundurmi ke haddasawa, wadda sauro ke yaɗawa, an ƙiyasta ta shafi maza miliyan 25 a duniya. An samu nasara wajen katse yaɗuwar cutar ta hanyar rabon magani, kamar yadda aka sanar a jihohin Filato da Nasarawa a 2017 tare da tallafin Cibiyar Carter. Sai dai ƙwayar magani ba ta sauke gwaiwar da ta riga ta kumbura. Tiyata ce kawai, mai sauƙi kuma, amma masu ita kan ɓoye ta shekaru saboda kunya.

Me ya jawo wannan karkata?

Kasuwa ce kan gaba. Labarin Viagra ya isa misali. Kamfanin Pfizer ya ƙirƙiro maganin ne a garin Sandwich na Ingila, yana gwada shi don ciwon ƙirji, sai waɗanda ake gwajin a jikinsu suka ba da rahoton wani tasiri na daban. Aka amince da shi a Amurka a Maris 1998, kuma cikin ɗan lokaci cinikinsa ya wuce dala biliyan ɗaya a shekara. Zuwa 2003 wasu kamfanonin sun fito da nasu. Raunin mazakuta larura ce ta gaske, kuma sau da yawa alama ce ta farko ta ciwon suga ko toshewar jijiyoyin zuciya. Abin lura kawai shi ne saurin da kuɗi ya kwararo inda akwai masu saye.

Bayan kasuwa sai murya. Kalmar sankara tana firgita 'yan majalisa da masu ba da gudummawa, kuma waɗanda suka warke sukan fito su yi magana. Ba a cika samun fitaccen mutum ya tsaya gaban jama'a ya ce yana yoyon fitsari ko ba ya haihuwa ba. Sai kuma ƙarancin ƙidaya. Cutar da ba a rubuta ba, ba ta shiga lissafi. Rajistar sankara ta Ibadan ta fara tun 1960, amma ko yanzu rajistocin da ake da su ba su game ƙasa ba, kuma cututtukan da ba sankara ba babu mai ƙirga su a tsare.

Gwamnatocin Afirka su ma suna da nasu kaso. A Abuja a 2001 sun yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, a Bamako kuma a 2008 aka sake jaddada kiran ware kashi 2 cikin 100 na kasafin lafiya ga bincike. Ƙasashe ƙalilan ne suka kusanci ko ɗaya.

Ra'ayoyi masu karo da juna

Masu cewa an fifita mata sukan kafa hujja da cewa sankarar mama tana samun kuɗi fiye da ta furostet a Amurka da Birtaniya. Haka ne. Amma sankarar mama ta fi kisa a duniya, kuma tana ɗaukar mata da ƙuruciyarsu, don haka shekarun da take cinyewa sun fi yawa. Tarihi ma ya nuna an daɗe ana gwada magunguna a jikin maza zalla, har sai da Amurka ta yi doka a 1993 ta tilasta shigar da mata. Inda masu wannan ra'ayi suke da gaskiya shi ne maza na mutuwa kusan shekara biyar kafin mata a matsakaicin lissafin duniya, kuma ƙasashe kaɗan ne, irin su Ayilan da Birazil da Ostireliya, suka tsara manufa ta musamman kan lafiyar maza.

Wasu masana kuma suna ganin bai kamata nauyin cuta ya zama shi kaɗai ne alƙali ba, domin kimiyya tana tafiya ne inda ƙofa ta buɗe. Sankarar maraina ba ta da yawa, amma lokacin da Lawrence Einhorn ya fara gwada cisplatin a kanta a 1974, masu warkewa daga wadda ta bazu sun tashi daga kusan kashi 10 zuwa kusan kashi 80 cikin 100. Da an bi ƙidaya kawai, da ba a kula ta ba. Wannan hujja tana da ƙarfi, sai dai ba ta bayyana dalilin da ya sa ba a ƙwanƙwasa ƙofar tsargiya ba.

Ra'ayi na uku shi ne Afirka ba sabon ilimi take buƙata ba, likitoci da kayan aiki take buƙata, tunda an san yadda ake tiyatar gwaiwa da ta furostet. Akwai gaskiya a nan. Amma gano hanyar da za a isar da aikin ga ƙauye cikin rahusa shi ma bincike ne. Kuma idan aka yi bincike a nahiyar yakan sauya manufofin duniya, kamar gwaje-gwajen Orange Farm da Kisumu da Rakai da suka nuna kaciya tana rage wa namiji haɗarin kamuwa da ƙanjamau da kusan kashi 60 cikin 100, abin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2007.

Abin da zai iya biyo baya

Yawan tsofaffi na ƙaruwa a Afirka, don haka kumburin furostet da sankararsa za su ƙaru ko an shirya ko ba a shirya ba. Faɗaɗa noman rani ba tare da kula da dodon koɗi da tsaftataccen ruwa ba zai ci gaba da haifar da sankarar mafitsarar da za ta bayyana bayan shekara ashirin ko talatin. Likitoci kuma za su ci gaba da aiki da ƙa'idojin da aka gina a kan jikin wasu mutane a wani yanayi daban.

Gurbin da asibiti ya bari ba ya zama fanko. A tasha da bakin kasuwa ana jin lasifikar mai magani tana ɗora komai a kan basir da sanyi, daga jinkirin fitsari har rashin haihuwa. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sha gano sinadarin Viagra a ɓoye cikin kayan ƙarin ƙarfin da aka rubuta wa "na gargajiya zalla", kuma wannan sinadari yana iya faɗar da jinin mai shan wasu magungunan zuciya har ya halaka shi.

Ga mai karatu, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Jini a fitsari ko a maniyyi, ko fitsarin da ke fita da ƙyar, ko kumburin maraina, ko shekara guda da aure ana tare babu ciki, duk dalilai ne na ganin likita, kuma a batun haihuwa a gwada miji da mata tare. Wanda ya haura shekara 45, musamman idan mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi sankarar furostet, ya tambayi likita game da gwajin PSA tun kafin ya ji wani ciwo.